Injin kwashe ruwa da ya ƙi tashi a tsakiyar Agusta: nazarin wani gida a Birnin Kebbi

Gidan yana ɓangaren Birnin Kebbi da ke gangarawa zuwa fadama. Ginin bulo ne mai rufin kwano, ɗakuna sun kewaye tsakar gida mai daɓen siminti. Lokacin da aka gina shi, ruwan sama da kansa yake bin rariya ya fice. Daga baya aka yi wa layin titi da kwatar kankare, aka cika ƙasa aka ɗaga hanya, sai tsakar gidan ta koma ƙasa da bakin kwatar da santimita 40. Rariyar da ke fitar da ruwa ta koma ƙofar shigowarsa.

Maigidan ya yi abin da ya dace. Ya toshe rariyar, ya sa aka gina rami a kusurwar da ruwa ke taruwa, faɗi santimita 60, tsawo 60, zurfi 80, aka zura injin lantarki mai kwashe ruwa yana turawa kwata. Damina biyu injin ya yi yana aiki. A ta uku, cikin wani dare na Agusta, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, akwai wuta a farkon daren, amma injin bai kwashe ko lita ɗaya ba. Ruwa ya shiga ɗakuna biyu da sito, ya jiƙa buhunan shanshera da ke ƙasa. Da safe maigidan ya riga ya yanke hukunci cewa koyil, wato naɗin wayar da ke cikin motar injin, ya ƙone, har ya sa an ɗauko wani sumo na rijiyar burtsatse da ke ajiye don a maye gurbinsa.

Mai gyaran da aka kira ya jona injin na ɗan lokaci, ya saurara, ya ji yana ƙugi kawai, ya cire filogi. Ya ce: "Alhaji, wanga inji bai mutu ba, kame shi aka yi. A bar sumon nan inda yake tukuna."

Wane irin inji ne

Wannan ce tambayar farko, domin duk injin da ke nutsewa cikin ruwa mutane kan kira shi sumo, alhali aikinsu ya sha bamban. Sumon burtsatse dogo ne siriri, an yi shi ya shiga bututu mai faɗin inci huɗu ko makamancin haka. Farfelarsa ƙanana ne jere bisa juna, ratar da ke tsakaninsu kaɗan ce, bakin shan ruwansa yana tsakiyar jikinsa, motar tana ƙasa. Aikinsa ɗaga ruwa kaɗan zuwa nisa mai yawa. In aka sa shi a ramin tsakar gida, ruwan ba zai daɗe a saman bakinsa ba, motar ba za ta sami ruwan da ke wucewa ta jikinta ya sanyaya ta ba, yashi kuma zai cinye farfelun. Injin kwashe ruwa gajere ne mai kauri, yana da marika a kai, yana shan ruwa ta ƙasa, farfelarsa ɗaya ce mai buɗaɗɗen baki, kuma akwai fulot, wato ƙwallon roba da ke rataye da waya a gefensa, wanda in ruwa ya ɗaga shi sai ya kunna injin, in ya sauka ya kashe. Aikinsa tura ruwa mai yawa zuwa tsayi kaɗan. Akwai kuma na uku mai wuƙa a ƙasa, wanda aka yi don ramin masai, bai shafi wannan gida ba.

An wanke farantin da ke jikin injin aka karanta: 750W, wato doki ɗaya, 220 zuwa 240V, 50Hz, Qmax lita 220 a minti, Hmax mita 9, bakin fita inci ɗaya da rabi. Lambobin nan biyu, Qmax da Hmax, su ne ke ruɗin masu saye. Lita 220 ita ce abin da injin zai bayar in ba ya ɗaga ruwan ko kaɗan, mita 9 kuma ita ce tsayin da in aka kai, ruwa ya daina fitowa gaba ɗaya. Ba a samun su biyun a lokaci guda. Abin da gida zai samu yana tsakani, kuma bututun da aka ɗaura ne ke yanke shi.

Abin da aka tarar

An kashe wuta, an cire filogi, sannan aka taɓa ruwan ramin. Babu igiya a marikar, alamar da wayar wuta ake jawo injin duk lokacin da za a fito da shi, kuma robar da ke riƙe wayar a wuyan injin ta fara tsagewa. Wannan ɗabi'a tana kashe injuna da yawa, domin ta nan ruwa ke bi ya shiga motar.

Injin yana zaune kai tsaye a gindin ramin, laka ta binne ƙafafunsa santimita 12. Da aka kwance noti huɗu aka cire farantin ƙasa, sai ga farfelar a daskare cikin taɓon da ya bushe ya yi tauri tun rani, ruwan daminar bai jiƙa shi ya kai ciki ba. A bayan farfelar, ledar fiya wata biyu da zaren kitso sun nannaɗe sandar da ke juya ta sun ƙulle. An sa sukundireba a tura farfelar, ko motsi ba ta yi ba. Ba a yi nisa ba aka gano daga ina dattin yake: murfin ramin raga ce ta ƙarfe mai faɗin ido, kuma kusurwar nan ce yara ke kai shara in sun share tsakar gida. Daga Oktoba zuwa Mayu, ƙurar hunturu da rairayi da ɓawon gyaɗa duk nan suke zuba, injin kuma ba ya juyawa ko sau ɗaya.

Wannan ya bayyana ƙugin da aka ji. Wuta tana shiga, motar tana son juyawa, farfela ta hana. Mota a kame tana jan wuta ninki-ba-ninki, sai ta yi zafi, sai makashin zafin da ke cikin koyil ya yanke wutar, in ta huce ya sake haɗawa. Haka ta yi ta yi har aka ɗauke wuta a daren. Makashin nan ne ya ceci koyil ɗin. An auna da mita: koyil biyun, babba da na tayarwa, ba wanda ya tsinke, an kuma gwada tsakanin koyil da gangar jikin injin da mega, wato mitar gwada yoyon wuta, mai 500V, ya nuna sama da megaom 20. In ya sauko ƙasa da 1, wannan inji ba ya komawa ruwa sai an busar da shi an gano inda ruwa ya shiga. Man da ke ɗakin sil, wato abin da ke hana ruwa bin sanda ya shiga motar, an tsiyaye shi a farin kofi, ya fito garau. Da ya fito fari-fari kamar madara, to sil ya huje ke nan.

Kafasita kuwa ta gaji. An rubuta mata 16µF, mita ta nuna 9. Ita ce ke ba motar ƙarfin tashi, kuma zafi ne babban abin da ke cin ta. Injin da ya kwana watanni cikin busasshen ramin siminti a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 ba abin mamaki ba ne kafasitarsa ta ragu. Da tana da cikakken ƙarfinta, mai yiwuwa da ta fasa taɓon tun ruwan farko na Yuni. An sa sabuwa mai lamba ɗaya, 16µF, 450V. Kada a yarda da mai cewa a sa babba don ƙarin ƙarfi, koyil ɗin tayarwa ne zai biya.

An yanke ledar da reza, an wanke farfelar, ta juya da yatsa ba tare da ƙarar boris ba. A nan yawancin gyara ke tsayawa: a jona, a ji ya tashi, a biya, a watse. A ganinmu a nan ne aikin ya fara, domin tashin inji a busasshe na daƙiƙa biyu ba ya nuna komai sai cewa motar tana juyawa. Barinsa yana gudu babu ruwa fiye da haka ma yana ƙona sil.

Gwajin duro da agogo

Ramin mai santimita 60 sau 60 yana ɗaukar lita 3.6 a kowace santimita ta tsayi. Jarka mai lita 25 tana ɗaga ruwan kusan santimita 7. An kwashe lakar tas, an sa bulo mai kauri santimita 10 a gindin ramin aka ɗora injin a kai, an zana ma'auni a bango da fenti daga ƙasa zuwa sama, sannan aka fara zuba ruwa sannu a hankali ba tare da wani ya taɓa fulot ba. Ruwa ya kai santimita 60, ya kai 70, inji shiru. Fulot ɗin an bar masa waya mai tsawo, da ya taso sai ya maƙale tsakanin bututu da bango. Ke nan ko da farfelar lafiya lau take, akwai daren da injin nan ba zai tashi ba. Wanda ya ɗaga fulot da hannu don gwaji ba zai taɓa ganin wannan matsala ba. An juya injin yadda fulot zai fuskanci filin ramin, an ɗaure wayarsa a marika aka bar masa kamar santimita 20. Ya koma yana kunnawa a santimita 55, yana kashewa a 25. Tsakaninsu santimita 30, wato lita 108.

Aka sake cikawa aka riƙe agogon waya. Daƙiƙa 93 ya ɗauka, kusan lita 70 a minti. Injin da aka rubuta wa 220.

Laifin na bututu ne. Bakin injin inci ɗaya da rabi ne, amma wanda ya haɗa shi da farko ya rage shi zuwa inci ɗaya saboda shi ne ya saura daga aikin tanki, ya ja shi mita 14 da gwiwa biyar. Cikin bututun inci ɗaya da rabi ya ninka na inci ɗaya fiye da sau biyu, kuma gogayyar ruwa da bango tana ƙaruwa da sauri sosai in hanya ta ƙuntata. Tsayin da ake ɗaga ruwan a gidan nan bai wuce mita ɗaya da rabi ba, amma siririn bututun ya sa injin yana aiki kamar yana ɗaga shi mita shida. An canza zuwa inci ɗaya da rabi, an miƙe hanyar gwiwa ta koma biyu. Gwaji na gaba ya ba da daƙiƙa 45, kusan lita 145 a minti, da injin nan dai, da wutar nan dai.

Akwai abin da ya fi wannan muni a ƙarshen bututun. An cusa bakinsa cikin kwatar har ƙasa, kuma babu bawul mai hana ruwa komawa. In kwata ta cika ta rufe bakin, inji kuma ya tsaya da bututu cike, to bututun ya zama tiyon zuƙo, irin yadda ake zuƙo fetur daga tanki: ruwan kwata da ke sama ya dinga kwarara cikin ramin da ke ƙasa. Uwargidan ta ce sun daɗe suna lura cewa in aka ɗauke wuta ana ruwa, ruwan tsakar gida kan yi baƙi ya yi warin kwata, ba su san ta ina yake shigowa ba. Gyaran kashi biyu ne. An ɗaga bututun ya haye katanga santimita 30 sama da bakin kwatar, ya sunkuyo ya zuba daga sama, da ratar santimita 15 tsakanin bakinsa da inda ruwan kwata ke kaiwa in ta cika. Sannan an sa bawul mai marfi a bututun da ke tsaye cikin ramin, kibiyarsa tana kallon sama, da mahaɗi mai zare a ƙasansa don a iya cire injin ba tare da yanka bututu ba. Tsakanin injin da bawul ɗin an huda ƙaramin rami na milimita 5 yana kallon ƙasa. Amfaninsa shi ne in ramin ya bushe iska ta cika gidan farfela, bawul zai tare ta, injin ya yi ta gudu ba ya jan ruwa. Hudar ce ke fitar da iskar. Ruwan da ke fesowa daga nan in inji na aiki ba yoyo ba ne, kada a toshe shi.

Ko injin ya isa gidan

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Tsakar gidan murabba'in mita 90 ce, kwanon da ke zubowa cikinta 110, jimla 200. Ruwan da ya sauka milimita 40 a awa zai kawo lita 8,000, wato 133 a minti. In ya kai milimita 60 a awa, lita 200 ke nan a minti. Ruwan shekara a wannan yanki bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kudu, kusan milimita 800 ne, amma yana sauka ne cikin watanni huɗu, mafi yawansa a guguwa mai ƙarfi ta Yuli da Agusta. Lita 70 ta tsohon bututu ba ta taɓa isa ba, daminar farko da ta biyu tsakar gidan ce ke riƙe rarar ruwan har a tsagaita. Lita 145 ma ba ta kai 200 ba.

Maigidan ya so sayen inji mai doki biyu. An ba shi shawarar da ta fi sauƙi: a sa makwararar kwano a ɗakunan da ke jikin katangar titi, ruwansu ya zuba waje kai tsaye daga sama, inda ba ya buƙatar inji. Wannan ya cire murabba'in mita 60, saura 140, wato lita 140 a minti a ruwan milimita 60. Babban inji a ƙaramin rami yana da nasa aibin, domin yana kwashewa nan take ya mutu, ya sake tashi, kuma tashi ne ke gajiyar da mota. Masu ƙera irin waɗannan injuna kan iyakance tashin zuwa wajen sau 20 a awa. Da lita 108 tsakanin kunnawa da kashewa, injin gidan nan yana daidai bakin wannan iyaka in ruwan da ke shigowa ya kai rabin ƙarfinsa. In za a sake ginin ramin, a yi shi santimita 80 sau 80.

An kuma bincika ko ruwan ƙasa yana da hannu, tun da gidan yana kusa da fadamar gulbin Rima, inda ruwan ƙasa ke tasowa a ƙarshen damina. An kwashe ramin, an sa alama, an bar shi awa ɗaya ba a ruwa. Ya hau santimita 4, lita 14 ke nan. Bai kai abin damuwa ba, sai dai yana nufin injin zai riƙa tashi jefi-jefi ko ba a yi ruwa ba, don haka ba a cire filoginsa a Agusta da Satumba.

Wuta

Wannan ne ɓangaren da ke iya cin rai, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wayar injin an ƙara ta da siririyar waya mai ƙafa biyu, an naɗe mahaɗin da leda da salatif, yana kwance a kan daɓen da ruwa ke cika. Babu wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa. A daren da abin ya faru, manya da yara sun yi ta shiga ruwan nan ba takalmi suna kwasa da bokiti. Allah ne ya kiyaye. An ja sabon layi da waya mai kauri 2.5mm², mai ƙafa uku, zuwa soket mai murfi a tsayin mita ɗaya da ɗan kai, ƙarƙashin rumfa, an haɗa shi da sandar ƙasa, an sa masa makashi mai gane yoyon wuta na 30mA. Yana da maɓallin gwaji a jikinsa, ana danna shi sau ɗaya a wata, in bai faɗi ba a canza shi. An gyara wuyan wayar, an ɗaura igiyar nailan a marika aka rataye ƙarshenta a bakin ramin.

Ƙarancin wuta ma yana hana tashi. Ƙarfin da mota ke tashi da shi yana raguwa fiye da yadda wutar ke raguwa: a 180V, abin da ya saura kusan kashi 60 ne cikin 100. Inji mai jan amfiya uku da rabi yana gudu zai iya jan 10 zuwa 18 a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareton nan na kwan fitila da fanka ba ya tayar da shi. Na gidan mai 2.5kVA ne, ya tayar da shi lafiya bayan an kashe firij. An ware masa jarkar mai da ba a taɓawa duk damina, an kuma yi masa dakali mai rumfa a buɗaɗɗen wuri. Ba a shigar da janareto zaure ko ɗaki don gudun ruwa, hayaƙinsa yana kisa ba a ji warinsa ba. Maigidan yana da injin ban-ruwa mai inci biyu da yake noman rani da shi, wanda ke jan wajen lita 500 a minti. An ce ya dawo da shi gida daga Yuli da tiyonsa. Yana buƙatar a cika masa ruwa kafin ya ja, kuma sai mutum ya tashi ya ja igiya, amma ba ya jiran wuta.

Kula da shi

Kafin bakin ramin an gina ƙaramin akwati, santimita 40 sau 40, zurfi 30, inda ruwa ke fara faɗawa yashi ya kwanta, da ragar ƙarfe mai ido na milimita 10 da ke tare leda. Shi ake kwashewa da shebur bayan kowane babban ruwa, aikin minti biyar. Babban ramin an yi masa murfin ƙarfe rufaffe mai kwaɗo. Zurfin santimita 80 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe, ruwan da ke saura a gindi kuma sauro na iya ƙyanƙyashewa a cikinsa cikin kwana bakwai zuwa goma.

A tsakiyar Mayu, kafin ruwan farko, ake yin cikakken gwaji: a ɗauko injin daga inda aka ajiye shi, a buɗe ƙasa a juya farfela da hannu, a duba waya daga filogi har wuya, a girgiza fulot a ji ƙwallon cikinsa yana motsi, a mayar da shi ramin da igiya, a zuba duro ɗaya, a bar shi ya tashi da kansa, a riƙe agogo. An rubuta 45 da fenti a cikin murfin. In gwaji ya kai daƙiƙa 60, akwai abin da ya toshe, ko farfela ta ci. In ruwa ya sake hawa bayan inji ya mutu, ƙazanta ta hana marfin bawul rufewa. Cikin damina, duk satin da ba a yi ruwa ba, a zuba jarka biyar a gani.

Abu ɗaya aka gaya wa maigidan ƙarara: wannan tsari na ruwan da ke sauka cikin gidansa ne. Ambaliya irin ta 2020, da gulbi ya tumbatsa ya shanye gonakin shinkafa a Kebbi, ba aikin injin doki ɗaya ba ce, domin in titi ya zama tafki babu inda za a tura ruwan. Don haka an ɗaga dokin ƙofar zaure da layin bulo ɗaya, an ɗora buhunan sito a kan katako santimita 30 daga ƙasa.

In damina ta wuce a Oktoba, ba a barin injin cikin ramin. A fito da shi, a sa shi cikin baho da ruwa mai tsabta ya yi gudu minti biyu, a tsane shi, a naɗe wayar ba tare da lanƙwasa ta a wuya ba, a ajiye shi tsaye a inuwa. Sau ɗaya a wata a sake sa shi cikin bahon ya juya, don kada fuskokin sil su manne da juna.